Da ɗan gari akan ci gari

Sojan da ya hau mulki da bakin bindiga, babbar barazanarsa tana cikin gidansa. Saini Kunce ya karɓi ragamar Nijar ran 15 ga Afrilu 1974. Cikin Maris 1976, waɗansu hafsoshi suka yi yunƙurin tumɓuke shi. Cikin Oktoba 1983, yana halartar taro a Faransa, amininsa Bonkano shi ma ya gwada, Allah bai nufa ba. Ibrahim Ba'are Mainasara kuwa bai tsira ba: ran 9 ga Afrilu 1999, masu tsaron lafiyarsa suka harbe shi a filin jirgin saman Yamai. Ƙofar da aka ɓalle don shiga fada, da wuya ta sāke kulluwa.