Rabon Aiki a Cikin Ganyen Dawa

Duk ƙwayoyin halittar da ke cikin ganye guda DNA ɗinsu ɗaya ne. Ta fatar ganye, da ta cikin jijiya, da biyun da ke buɗe ƙofar shan iska suna rufewa, kowacce tana ɗauke da cikakken gadon shukar. Abin da ya bambanta su shi ne wace ƙwayar gado aka kunna a nan, wacce aka bari a kashe a can. Ganyen dawa da gero da masara da rake su ne suka fi fito da wannan fili.

Tsirrai na haɗa abincinsu ne da hasken rana da ruwa da iskar kabon, kuma sinadarin da ke mayar da kabon ɗin abinci sunansa Rubisko. Yana da aibi guda. Idan zafi ya tsananta, yakan kama oksijin a madadin kabon, sai shuka ta ɓata ƙarfinta wajen gyara ɓarnar. Shinkafa da alkama da wake da gyaɗa duk da wannan asara suke rayuwa. Su ake kira tsirran C3.

A yanka ganyen dawa a kwance, a sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma. Kowace jijiya za a ga wasu ƙwayoyi masu kauri, kore shar, sun yi mata zobe, a bayansu kuma akwai wani zoben na ƙwayoyi masu sako-sako da iska ke ratsawa. Jijiyoyin suna dab da juna, ƙwayoyin waje biyu kacal ke tsakanin wannan zobe da na gaba. Na wajen kamar 'yan dako suke: su kama kabon da wani sinadari da ba ya ruɗewa da oksijin, su ƙulle shi cikin haɗi mai kabon huɗu, su miƙa ciki. A zoben ciki ake kwance kayan, kabon ya taru maƙil a gaban Rubisko, ya daina kuskure. Shi ya sa dawa ke iya tsuke ƙofofin ganyenta da tsakar rana ta ci gaba da aiki, ruwan da take zubarwa bai kai na shinkafa ba. Hugo Kortschak da abokan aikinsa ne suka bayyana alamar wannan hanya a rake a Hawai a 1965, Hal Hatch da Roger Slack kuma suka warware ta a Ostireliya a 1966. Ita ce hanyar C4.

To, ƙwayar waje da ta ciki duka suna da gadon yin Rubisko, amma ta ciki ce kaɗai ke yin sa. Wa ke ba da umarnin? Akwai ƙwayoyin gado da ba su da aiki sai kunna wasu. Ɗaya ita ce GOLDEN2, wadda aka gano ta a wata masara mai ganye ruwan ɗorawa: idan ta lalace, korayen jakunkunan da ke kama haske a zoben ciki ba sa girma yadda ya kamata. Wata kuma SCARECROW, wadda tun farko a saiwar ɗan tsiron Arabidopsis aka san ta, tana tsara zoben da ke kewaye jijiyar saiwa. A 2012 masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka suka nuna cewa masarar da wannan ƙwaya ta lalace mata, zoben ganyenta ma hargitsewa yake yi.

A ganina nan ne daɗin labarin yake. Dawa ba ta ƙero sababbin ƙwayoyin gado ba, tsofaffin ta sauya wa wurin aiki. Wannan ne ya sa hanyar C4 ta ɓullo fiye da sau 60 a dangin tsirrai daban-daban, ba tare da wani ya gada daga wani ba. Binciken da Jami'ar Kambirij da Cibiyar Salk suka buga a mujallar Nature a 2024, inda suka kwatanta shinkafa da dawa ƙwaya bayan ƙwaya, ya ƙarfafa haka: makunnan da ake kira DOF suna nan a zoben cikin ganyen shinkafa, dawa dai ta jona musu ƙwayoyin gadon haɗa abinci ne.

Tun 2008 aka fara yunƙurin mayar da shinkafa C4, daga cibiyar IRRI ta Filifin, da kuɗin Gidauniyar Bill da Melinda Gates. A 2017 tawagar Jane Langdale ta Jami'ar Oksfod ta saka wa shinkafa GOLDEN2 ta masara, jakunkunan zoben cikin suka ƙara girma. Jan aikin da ya rage shi ne matso da jijiyoyin ganyen kusa da juna, domin a shinkafa ƙwayoyin waje da yawa ne ke jere a tsakaninsu, kuma wadda ta yi nisa da zobe ba ta da hanyar miƙa kabonta ciki.