Matambayi Ba Ya Ɓata: Daga Wasan Talabijin Zuwa Ƙauyukan Zamfara

Duk wanda ya taɓa shiga shagon mai sayar da magani da zazzaɓi a jikinsa, ko a Agege ne, ko Sabo ta Ibadan, ko Masaka da ke kan hanyar Abuja zuwa Keffi, ya san amsar da zai samu tun bai gama bayani ba, watau maleriya ce da taifod. Sau da yawa kuwa hakan ne, a sha magani a sami sauƙi. To, amma akwai ranar da za a sha, a sake sha, ciwo yana nan daram. A irin wannan rana ce ake bukatar likita mai yawan tambaya, kuma a kan irin wannan likita ne Amurkawa suka shirya wani wasan kwaikwayo na talabijin mai suna House, wanda aka yi ta nunawa daga 2004 zuwa 2012.

Tauraron wasan shi ne Dokta Gregory House, wanda wani Bature mutumin Ingila, Hugh Laurie, ya fito a matsayinsa. Likita ne mai ɗingishi da sanda, ga baƙar magana, ga taurin kai, amma duk cutar da ta gagari sauran likitoci gare shi ake kawo ta. Aƙidarsa ita ce majiyyaci ba ya faɗin gaskiya duka, saboda haka yakan aika yaransa su je gidan marar lafiya su duba abin da yake ci, da abin da yake sha, da irin sana'ar da yake yi.

KASHIN DA YA CECI RAI

Ran 7 ga watan Fabrairu, 2011, aka nuna wani kashi na wasan mai suna Family Practice. A cikinsa aka kwantar da wata dattijuwa, mahaifiyar shugabar asibitin, zuciyarta tana neman kasawa. Likitoci suka yi ta lalube, aka zargi wannan aka zargi wancan, jiki sai ƙara taɓarɓarewa yake yi. Daga bisani House ya gano cewa an taɓa sa mata gaɓar ƙugu ta ƙarfe, ƙarfen ya soma cinyewa, wani sinadari da ke cikinsa mai suna kobalt yana zuba cikin jininta yana zame mata guba.

Mai kallo zai ɗauka wannan ƙagen marubuta ne kawai. Sai ga shi a watan Mayu na 2012 an kai wani mutum ɗan shekara 55 asibitin jami'ar Marburg a ƙasar Jamus. Zuciyarsa ta raunana ƙwarai, idonsa ya kusa rufewa, kunnensa ya kusa toshewa, ga zazzaɓin da ba a san mafarinsa ba, ga kaluluwa. Likitocin da suka duba shi a baya sun rasa gane kan abin. Farfesa Jürgen Schäfer, wanda aka kai wa shi, mutum ne da yake koyar da ɗalibansa ta hanyar nuna musu wasan House, kuma ya san wancan kashi sarai. Da ya bincika tarihin majiyyacin sai ya tarar cewa a watan Nuwamba na 2010 an cire masa gaɓar ƙugu ta tangaran da ta fashe, aka sa masa ta ƙarfe. Ashe ɓarɓashin tangaran da ya rage a jiki ne yake ta goge sabon ƙarfen. Aka auna jini, aka sami kobalt ya yi yawa fiye da kima. Da aka sake masa gaɓar, zuciya ta farfaɗo, zazzaɓi ya tafi, sai dai gani da ji ba su dawo ba in ban da kaɗan. Mujallar likitoci ta Lancet ta buga labarin a watan Fabrairu na 2014.

ABIN DA YA FARU A ZAMFARA

Ba sai an je Turai ba, domin Arewa ta ga irin wannan al'amari, kuma nata ya fi muni nesa ba kusa ba. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, watau MSF, suna zagayen neman masu sanƙarau a Jihar Zamfara kamar yadda aka saba in zafi ya shigo, sai suka sami labarin ƙananan yara suna mutuwa birjik a wasu ƙauyuka, musamman 'Yargalma ta ƙaramar hukumar Bukkuyum da Dareta ta ƙaramar hukumar Anka. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, ya shiga taune-taune, ya shiɗe, kafin a yi wani abu rai ya yi halinsa. Aka ba da maganin maleriya, aka ba da na sanƙarau, mutuwa ba ta tsaya ba. Tun kafin haka agwagin ƙauyukan sun yi ta mutuwa, amma ba wanda ya kawo a ransa cewa abin da ya ci agwagi shi ne zai ci yara.

Abin da ya warware matsalar shi ne duba sana'ar mutanen garin. Kuɗin zinariya ya tashi a kasuwannin duniya, manoma da yawa suka koma haƙa. Suna ɗauko duwatsun daga daji su kawo cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Duwatsun nan kuwa cike suke da dalma. Ƙurar ta bi ƙasa da abinci, yaro ya sa hannu a ƙasa ya kai baki. Da aka aika jinin yaran Turai aka auna, sai ga gubar dalma a fili.

Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka da Hukumar Lafiya ta Duniya suka shigo suka haɗa hannu da ma'aikatan lafiya na Nijeriya. Binciken da aka yi gida-gida a ƙauyuka biyu ya nuna cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu ke nan. An ƙiyasta yaran da suka rasu a jihar sun kai 400. Aka buɗe wuraren jiyya a Bukkuyum da Anka, ana ba yara maganin da yake kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari. Amma magani ba ya amfani in yaro zai koma cikin ƙurar da ta sa shi ciwo, don haka sai da aka kankare ƙasar saman gidaje aka zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai a 2013 aka share ta, bayan an daɗe ana jiran kuɗi daga Gwamnatin Tarayya. A 2015 kuma abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

DARASI GA MAZAUNA KUDU

Kada wani ya ce ai shi ba ya haƙar zinariya. 'Yan Arewa da yawa a Ikko da Shagamu da Fatakwal suna cin abinci ne ta hanyar gwangwan da tsofaffin baturan mota, alhali kuwa cikin batir dalma ce. Mai fasa batir, ko mai aiki inda ake narkar da shi, yana komawa gida da ƙurar a riga da takalmi, ya ɗauki ɗansa ya rungume. Haka kuma wani kwallin da ake sa wa jarirai yana da dalma. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, da aka bi sawu sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Gubar nan ko ba ta kashe yaro ba tana taɓa ƙwaƙwalwa, ya tashi karatu yana yi masa wuya, iyaye suna zaton wasa ne ya yi masa yawa.

A wasan talabijin ana gano cuta cikin ƙasa da sa'a guda, kuma likita yana da yaran da zai aika gidan majiyyaci. A babban asibitin gwamnati, inda likita ɗaya yake da dogon layi a ƙofarsa, ba wanda zai bi mutum gida, abin da ya faɗa da bakinsa shi ne madogara. Saboda haka wanda ya je ganin likita ya faɗi sana'arsa ko ba a tambaye shi ba, ya faɗi garin da ya je kwanan nan, da duk maganin da ya sha har da na gargajiya, da kowane aikin tiyata da aka taɓa yi masa. In harshe ne matsala, ya tafi da ɗan'uwa mai jin Turanci ko Yarbanci. In an sha maganin maleriya kwana uku babu sauƙi, a koma asibiti a nemi awon jini. In kuwa yara biyu ko uku a gida ɗaya ko layi ɗaya suka kwanta da ciwo iri ɗaya, a sanar da Sarkin Hausawa da ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma tun da wuri.

Allah ya jiƙan yaran Zamfara da na Rafi, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.