Kyanwa Ta Zabura Tana Cizon Wutsiyarta: Me Ke Faruwa?

A ƙauyukan Bagwai da wuya gida mai rumbu ya rasa kyanwa, saboda ɓeraye. Wani lokaci tana kwance lafiya sai fatar bayanta ta riƙa motsi, idanunta su firfito, ta zabura da gudu tana kuka da cizon wutsiyarta. Bayan minti ɗaya ko biyu ta koma daidai. Nan da nan a ce aljanu ne, balle idan baƙa ce.

Matsalar jijiyoyi ce da ke sa fatar bayanta tsananin jin taɓi. Ƙuma, ƙaiƙayin fata, ciwon ƙashin baya, farfaɗiya ko takura na iya tayar da ita. Ba ta kama mutum. A daina shafa bayanta, a nuna wa likitan dabbobi.

Abin da ya fi damu na shi ne ciwon haukan kare, domin kyanwa ma tana kamuwa. Ita ba ta komawa daidai: yawu na dalala, tana kasa haɗiya, tana kai wa mutane hari, sannan ta mutu cikin kwanaki kaɗan. Idan ta ciji yaro ko ta yaƙushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a kai shi asibiti ranar domin allurar rigakafi. Da zarar alamomin ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan ba a tsira.