Naman Sa da Ruwan Shayi: Sirrin Yana Ganye Ne ko Yana Tukunya?

Da la'asar sakaliya, idan ka sauka daga titin Kachia ka kutsa cikin layukan Unguwar Boro a Kaduna, akwai wata ƙara da kunnenka zai tsinta daga wasu gidaje, ban da kukan janareta da hayaniyar yara 'yan makaranta. Wani huci ne mai kama da fito, ya tashi ya lafa, ya sake tashi. Tukunyar tururi ce, wadda matan gari ke kira firesha.

A ɗaya daga cikin gidajen nan na ga abin da ya sa ni wannan rubutu. Wata dattijuwa da muke mutunci da iyalinta ta soya yankakken wuyan sa har ya yi ja, sai ta ɗauko kofin shayi baƙi wuluk, ba madara ba sukari, ta tuttula a kai, ta rufe tukunya. Na ce, "Mama, shayi kuma a cikin nama?" Ta ce, "Zauna ka ci tukuna, ɗana." Kafin a kira magariba an sauke. Naman yana rabuwa da cokali, romon ya yi duhu kamar zuma, babu ƙarni ko kaɗan. A wurinta, shayin ne ya yi wannan aiki. Ni kuwa da na bi diddigi, sai na tarar aikin na mutum biyu ne, kuma sanin wanda ya yi wane yana da amfani ga aljihu da lafiya.

Wanda ya ci sa ya ci tafiya

Hausawa na cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. To, wanda ya ci naman sanmu, tafiya ya ci. Bunaji da Rahaji da Bokoloji da ake saukewa a Zangon Tudun Wada ba shanun turke ba ne. Sun yi shekaru suna bin ciyawa da ruwa, rani da damina, kuma galibi ba a sayar da su sai sun manyanta. Duk tsokar da ta sha aiki, kamar wuya da ƙafa da wutsiya, cike take da jijiya da tantani. Shi ya sa mahauci a kasuwar Sabo yakan miƙo ƙunshin nama yana cewa, "Wannan sai an ba shi wuta fa."

Abin da ke sa jijiya tauri wani sinadari ne da masana ke kira kolajin. Idan ya daɗe cikin ruwan zafi, yakan narke ya koma wani abu mai danƙo, wanda shi ne ke sa farfesun ƙafar sa ya daskare idan ya kwana. Ke nan taurin da daɗin wuri guda suka fito. Abin da ke tsakaninsu zafi ne da lokaci, mai haƙuri kuwa shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.

Sai dai haƙuri yanzu kuɗi yake ci. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, komai ya ɗaga, har da gas da kananzir da gawayi. Abin yana da ciwo musamman a wannan yanki, domin matatar man Kaduna da aka buɗe a 1980 tana nan kusa, a kan wannan titi na Kachia, ta kuwa daɗe ba ta aiki yadda ya kamata. Uwar gidan da za ta bar nama awa uku a kan wuta, idonta yana kan tukunya, zuciyarta tana kan tulun gas.

Aikin tukunya

A buɗaɗɗiyar tukunya, ruwa ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin salshiyos, a nan Kaduna ma kimanin 98 ne saboda muna kan tudu. Ko ka ƙara wuta har ta lashi murfi, zafin ruwan ba zai ƙaru ba, tururi ne kawai zai tsere da kuɗin gas ɗinka. Firesha kuwa kulle tururin take yi. Da ya rasa hanyar fita sai ya danne ruwan, ruwan kuma ba zai tafasa ba sai ya kai wajen digiri 120. Wannan ƙarin digiri 20 ɗin shi ke mayar da dahuwar awa biyu zuwa uku ta koma ta minti 40.

Dabarar ta tsufa. Wani masani Bafaranshe, Denis Papin, wanda ya yi aiki tare da Robert Boyle a Landan, shi ya ƙera irinta ta farko a 1679, kuma don tausasa ƙashi ya yi ta. Shi ne ya sa mata bawul ɗin da ke sakin tururi idan ya yi yawa, kakan wannan 'yar hular da ke fito a kicin ɗin Unguwar Boro. A 1682 ya dafa wa manyan masanan Ingila abincin dare da ita. Amma sai a ƙarni na 20 ta shiga gidaje sosai, kuma babu inda ta samu karɓuwa kamar Indiya, inda matan aure ke auna dahuwa da yawan fiton tukunya.

Aikin ganye

To ina rawar shayi? Mutane da yawa sun ɗauka baurinsa ne ke cinye taurin nama. Amma duk wanda ya san sana'ar jima zai yi shakka. Baurin shayi ɗan'uwan baurin bagaruwa ne, dukansu daga sinadarin da ake kira tanin. Majeman Kano da Sakkwato sun yi ɗaruruwan shekaru suna jiƙa fata a ruwan bagaruwa, ba don ta narke ba, sai don ta ƙarfafa ta ƙi ruɓewa. Fata kuwa kolajin ce, irin wadda ke cikin jijiya. Abin da ke ɗaure fata a majema da wuya ya zama shi ke kwance jijiya a tukunya. Laushin nan na tururi ne.

Duk da haka Mama ba ta yi asarar shayinta ba. Shi ya ba romon launi. Ɗan baurinsa shi ke yanke maiƙo, ya hana kitsen tozo gundurar baki, kamar yadda goro ke wanke baki bayan cin nama. Ƙamshinsa kuma yana danne ƙarni. Mutanen Sin sun daɗe da sanin haka: suna dafa ƙwai a ruwan shayi, a lardin Sichuan kuma suna ƙyafe agwagwa da hayaƙin ganyensa. A Punjab ta Indiya ana jefa ƙunshin shayi cikin firesha tare da wani nau'in wake don ya yi duhu.

A wurinmu ma abin ba baƙo ba ne idan aka lura. Leƙa butar mai shayi da asuba: citta, kanumfari, masoro, kimba. Leƙa tukunyar farfesu: su ɗin ne dai. Tun tuni tukwanen biyu ke aron kayan juna, ganyen ne kaɗai bai tsallako ba. Ganyen ma muna da namu na gida, wanda ake nomawa a Kakara, kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba.

Yadda ake yi

Ga kilo 1 na wuya ko ƙafa, a yanka manya-manya, a tsane ruwan, a soya cikin mai kaɗan a cikin tukunyar ba tare da murfi ba har ya yi ja. A zuba albasa da tafarnuwa da citta da attaruhu. A gefe guda a jiƙa ƙunshin baƙin shayi 2 a ruwan zafi kofi 2, minti 3 zuwa 4 kacal, a tsame su. Idan ganyen ya daɗe, ɗaci zai rinjayi romo. A zuba ruwan a kan nama, a kankare abin da ya kama a gindin tukunya, a sa gishiri da kanumfari 3 da ɗan daddawa. Bayan fiton farko a rage wuta, a ƙirga minti 35 zuwa 40. A kashe, a bar ta ta huce da kanta kamar kwata na awa.

Firesha tana da dokokinta. Kada a cika ta fiye da kashi 2 cikin 3, idan wake ne rabi. Kafin a rufe, a ɗaga murfin a hango haske ta kafar tururi. Kada a zuba ganyen shayi a warwatse, domin yana iya toshe kafar. Robar murfi idan ta tsage ko ta saki, a sauya. Kuma kada a kuskura a buɗe da ƙarfi: muddin murfi yana gardama, akwai sauran tururi a ciki. A kuma tuna cewa sinadarin da ke hana barci a shayi wuta ba ta kashe shi, don haka a rage ganye idan ƙananan yara za su sha romon da dare.

Gajeriyar hanya ta gaskiya

Abin da ya sa na damu da raba aikin ganye da na tukunya shi ne, neman laushi cikin sauri ya kai wasu inda bai kamata ba. Iyayenmu sun yi amfani da 'yar kanwa da ganyen gwanda, gwanda kuwa tana da sinadarin da ke sassauta nama da gaske. Amma yanzu akwai masu jefa ƙwayar farasitamol a tukunya don su rage cin wuta, abin da hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa saboda illarsa ga hanta da ƙoda. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Muddin mutane sun yi imani cewa laushi yana cikin wani abu da ake barbaɗawa, za su ci gaba da neman abin barbaɗawa.

Kuɗin firesha yana da nauyi ga ƙaramin ma'aikaci, amma sau ɗaya ake biyansa, kuma duk wake da ganda da ƙafar sa da aka ɗora suna rage bashin. Matan da ke zuba adashi don sayen kuloli da atamfa suna iya zuba shi don wannan.

Da na koma na faɗa wa Mama abin da na gano, ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce ita dai ba za ta daina sa shayinta ba. Na ce kada ta daina. Ta miƙo mini ludayi in ɗanɗana gishiri kafin ta rufe murfin.