AGOGON DA MUTUM KE ƊINKA WA KANSA A ALLON KWAMFUTA

Duk ma'aikacin da ke zama gaban kwamfuta a biro ya san ɗan agogon nan da ke maƙale a kusurwar allo. Lambobinsa ƙanana ne, sunan ranar kuwa da Faransanci ko Turanci yake fitowa. Mutane da yawa suna zaton tilas a bar shi yadda ya zo. Alhali kuwa wanda ya iya karatu da rubutu, ya kuma yi haƙurin koyon ƴan kalmomi, yana iya haɗa nasa agogo da layukan da ba su kai ashirin ba.

Kayan aikin shi ne harshen ba da umurni. Mutum na rubuta abin da yake so layi bayan layi, sa'an nan wani tsari da ke cikin na'urar, mai aiki kamar tafinta, ya karanta ya aiwatar nan take. Ɗaya daga cikin waɗannan harsuna shi ne Tcl, wanda John Ousterhout, malami a jami'ar Kaliforniya ta Berkeley a Amurka, ya ƙirƙiro a 1988. A 1991 ya fitar da Tk, watau kayan zana taga da rubutu a allo. Kyauta ake samun su duka biyu.

Kafin a fara, ya kamata a gane yadda kwamfuta ke riƙe lokaci. Harshen Tcl ba ya lissafi da safiya ko maraice. Daƙiƙoƙi yake ƙirgawa tun daga tsakar daren 1 ga Janairu 1970 bisa agogon Girinwic, daƙiƙa 86.400 kowace rana. Ƙirgar ta cika biliyan ɗaya ranar 9 ga Satumba 2001.

Aikin hawa uku ne. Da fari, umurnin "clock seconds" ya ɗauko wannan doguwar lamba. Na biyu, "clock format" ya mai da ita awa, minti da daƙiƙa, bisa lokacin ƙasar da aka zaɓa. Nijar tana gaban Girinwic da awa ɗaya, rani da damina. Na uku, "after 1000" ya ce wa na'urar ta jira daƙiƙa ɗaya ta sake aikin, domin a wannan umurni dubu ita ce daƙiƙa guda.

A nan ne sabon ɗan koyo kan yi kuskure. Sai ya ɗauko lokaci sau ɗaya, ya riƙa ƙara ɗaya da kansa bayan kowane jira. Amma jiran kan ɗara daƙiƙa da ɗan kaɗan, musamman in na'urar tana fama da wani aiki. Kaɗan-kaɗan sai agogon ya koma baya. Maganin abin shi ne a tambayi na'urar sabon lokaci kowane zagaye.

Bayan haka sai ado. Layi ɗaya ya isa a ƙara girman lambobi saboda mai raunin gani, wani layin ya canza launi. Harshen yana ba kowace rana lamba daga 0 zuwa 6, Lahadi ce ta fari. In an jera Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a da Asabar, sai agogon ya faɗi ranar da Hausa.

Saura gargaɗi ɗaya. Wannan agogo abin da na'urar ta faɗa masa yake nunawa. Cikin kwamfutar tebur akwai ɗan pil mai siffar kuɗin ƙarfe, mai ƙarfin bolt 3, wanda ke riƙe lokaci in an ɗauke wuta. Idan ya mutu, kwanan wata na iya komawa shekarun baya, kuma wasiƙa ko rasit su fita da ranar ƙarya. Domin haka wajibi ne a canza pil ɗin in ya gaji, a kuma bar na'urar ta daidaita agogonta ta intanet inda hali ya samu. Wanda ya kiyaye wannan, agogon da ya haɗa da hannunsa ba zai ba shi kunya ba.