Yadda masoya fina-finai ke zuba kwafin kayan fim da silikon da rezin

A watan Nuwamban 2013, kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da mutum-mutumin shahon da ya fito a fim ɗin The Maltese Falcon na 1941 kan kuɗi sama da dala miliyan 4 a birnin New York. Irin wannan farashi ya fi ƙarfin mafi yawan masoya fina-finai, shi ya sa da dama daga cikinsu, musamman a Amurka da Turai, suke haɗa kwafin irin waɗannan kayayyaki da hannunsu a gida.

Dabarar ta yi kama da ta masu zubin tukwanen alminiyam, waɗanda ke danna samfuri cikin yashi su zuba narkakken ƙarfe a gurbin da ya bari. Bambancin shi ne a nan ba a hura wuta.

Aikin yana farawa ne da samfuri, wanda ake sassaƙawa da yumɓu ko katako, ko a fitar da shi daga na'urar buga abubuwa ta 3D. Daga nan sai a kewaye shi da ɗan akwati, a kwarara masa ruwan silikon, a bar shi ya daskare ya zama mazubi mai laushi kamar roba. Abu mai shafaffen baya yakan wadatu da mazubi guda, amma mai siffa ta kowane ɓangare sai an yi masa mazubi mai ɓari biyu, tare da ƙofar zubi da ƙananan hanyoyin fitar iska.

Silikon yana ɗaukar komai, har zanen yatsa. Duk wani tabo da aka bari a jikin samfurin zai fito a kowane kwafi, don haka ƙwararru suka fi ɓata lokaci wajen gyaran samfuri. Haka kuma nau'in silikon mai sinadarin filatinom ba ya daskarewa idan ya taɓa yumɓun da ke ɗauke da farar wuta, kuskuren da ke jawo wa sababbin shiga asarar kaya masu tsada.

Mataki na gaba shi ne zuba rezin, wanda galibi na foliyuritan ne. Ruwa biyu ne ake aunawa a gauraya, su ɗau zafi da kansu, wasu nau'o'in su ƙanƙare cikin 'yan mintuna. Babban abokin gabarsa shi ne danshi, domin ɗigon ruwa kaɗan yana sa shi kumfa. Don kauce wa ramukan iska, wasu na sanya zubin cikin tukunya mai matsin iska har ya bushe. Idan ana son kamannin ƙarfe, akan gauraya garin tagulla ko na alminiyam a ciki, a goge bayan ya daskare.

Sai dai aikin yana tattare da haɗari. Sinadarin aisosayanet da ke cikin rezin ɗin na iya haddasa asma da ƙaiƙayin fata, ƙurar da ke tashi lokacin gugar zubin ma tana cutar da huhu. Wajibi ne a sanya safar hannu da tabarau da takunkumin da ke tace tururin sinadarai, a kuma yi aikin a wuri mai iska.

Akwai kuma batun haƙƙin mallaka. Siffofin kayan fim galibi mallakar kamfanonin da suka shirya su ne, kuma sayar da kwafi ba da izini ba na iya kai mutum gaban kotu. Su kansu masu wannan sha'awa suna ƙyamar wanda ya sayi aikin wani ya sake yi masa mazubi don ya sayar. Irin wannan kwafi yakan tona asirin kansa, domin kowane sabon zubi yana ɗan raguwa a girma, zanensa kuma yana ƙara dusashewa.