Yadda Za Mu Fid Da Tabo Daga Zanen Aure

Da yawa daga cikinmu muna da wani zanen gado ko mayafin tebur a ƙasan akwati, wanda uwa ko goggo ta yi wa ado da allura domin ranar aurenmu. Wataƙila mai ɗinkin ba ta da rai yanzu. Idan ya lalace, ba kasuwar da za mu sami irinsa. Saboda haka in mun ga tabo a jikinsa, kada mu yi garaje.

Da fari mu gwada zaren. Mu jiƙa farin ƙyalle mu danna a kan adon. Idan launi ya fito, zaren yana zuba ke nan. Sai mu wanke wurin tabon kaɗai, kada mu jiƙa zanen duka.

Sa'an nan mu san irin tabon, gama kowane da maganinsa. Jini ruwan sanyi yake so, ruwan zafi dafa shi yake yi ya kama zare. Idan manja ne, mu barbaɗa garin sitaci ya kwana domin ya tsotse man, mu kakkaɓe, mu wanke da sabulu. Jan da ya rage rana takan kore shi. Tabon shayi da na goro, ruwan ɗumi da garin sabulun wanki sun fi sabulun sanda, wanda yakan sa su zauna. Tsatsar akwatin ƙarfe kuwa, mu matsa lemun tsami, mu sa gishiri kaɗan, mu ajiye a rana kamar minti 30, mu ɗauraye sosai.

Mu yi hankali da bilic. Yana cin zare, yana ƙara wa tsatsa ƙarfi. Shi da kanwa suna ɓata ulu da siliki. Kada mu dirje, kada mu murɗe. Kada kuma dutsen guga ya taɓa zanen sai tabon ya fita, domin zafi yakan sa shi ya zauna. In za mu goge, mu kife adon a kan tawul.

Wajen ajiya, mu bari ya bushe sarai. Kada mu sa masa sitaci, gama ƙwari suna cinsa. Mu naɗe shi cikin farin zanen auduga, ba cikin leda ba, domin laimar damina tana kawo fumfuna.

In wani ɗan tabo ya ƙi fita, mu ƙyale shi. Gara zane mai tabo da zane mai rami. Wata rana 'yarmu za ta shimfiɗa shi a ɗakinta.